Wayoyi Biyu a Cikin Randa

"Sannu da gida, tsohuwa."

"Yawwa, sannu dai. Kun iso lahiya?"

"Lafiya lau."

"Ya Sufyanu? Ya mai jego? Ya jinjira?"

"Duk lafiya, suna gaishe ki."

"Muna amsawa. Ya hanya, ya rana?"

"Alhamdu lillahi."

"To madalla. Yanzu gaya mini, duk Kaduna an rasa namijin da za a aiko mini sai kai? Dubi wuya kamar na zalɓe. Ba su ba ka abinci, ko tsutsa ce ta kama ka?"

"Ni da na baro 'yan mata a birni na zo duba tsohuwar ajiyata? Buɗe bakin in gani. Haƙoran da na bari da sallah, ina sauran?"

"Suna nan, sun isa su cije ka."

An yi wannan gaisuwa a tsakar gidanmu na Bakura, wata Asabar da hantsi, a kakar shekarar da aka rufe layukan waya a Zamfara. Mai tambayar mahaifiyata ce, Dada. Mai amsawa Kamilu ne, ɗan yayana, jikanta na fari, wanda ke zaune a Kaduna yana taya autanmu Sufyanu tsaron shago. Ba ranar ofis ba ce, ina gefe ina wanke babur, don haka na ji komai, kuma abin da na ji shi zan rubuta.

Ga abin da ya kawo shi. Matar Sufyanu ta haifi mace, aka sa wa yarinyar sunan Dada. Da yake babu waya, labarin ya iso mana ne a bakin wani direba. Dada ta aika wa ƙawarta Lantana ta Damri da albishir, Lantana ta aiko da cewa zancen tasha ne, sai ta ji da kunnenta. Shekaru ke nan tana yi wa Dada gorin cewa ga 'ya'ya ga jikoki, amma babu wanda ya taɓa yi mata takwara. A ranar kuwa akwai biki a gidan Lantana bayan la'asar, duk tsofaffin ƙawayensu za su hallara. Kamilu ya zo da bidiyon raɗin sunan a wayarsa, kuma dole ya koma da motar azahar, don babu mai son dare ya same shi bai fita Zamfara ba.

Dada ta kalli bidiyon har ƙarshe. Liman ya yi addu'a, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi sunan, mutane suka shafa. Sunan ba zan rubuta shi ba, na mahaifiyata ne. Ta goge ido da gefen mayafi, ta kwance bakin zaninta ta fito da tata wayar, ƙarama mai madannai, an ɗaure bayanta da roba.

"Zuba mini shi a nan."

"Ba ya zubuwa."

"Mi ne ne ba ya zubuwa? Kunu ne da ya kwana?"

"Wayata ba ta magana da irin taki."

"Gaba suka yi? Mi tawa ta yi mata?"

"Ba jinsinsu ɗaya ba. Tawa 'yar manya ce, da 'yan'uwanta kawai take gaisawa. Ba ta san irin taki raka-ni-banɗaki ba."

"Kai ma sai da anka raka ka har ka shekara bakwai, ni na riƙe hitila. Kunna bulutut, marar wayo. Ko shi ma sai na koya maka? Wayar Lantana da tawa, da sun zauna tabarma guda sun gaisa. Wa'azi, karatu, waƙar biki, duk haka muke ba juna. Mai sayar da manja ma ya zuba mini tafsiri muna tsaye bakin rumhwa."

"Akwai bulutut a tawa. Na jin sauti ne a kunne, ba na aike ba."

"Wato tana da hannu, amma na amsa ne kaɗai."

"Ba haka ba ne, Dada."

"Haka ne mana. Ashe kai ta biyo. Tun kana rarrahe in anka ba ka ƙuli ka dunƙule hannu, sai an kira maza sun ɓamɓare. Allah ya haɗa marowaci da marowaciya."

"Ni marowaci? Wa ya kawo miki turare bara?"

"Wanga da na shahwa kaji sunka bar gidan?"

"Kajin sun san ba ki dace da shi ba ne."

"Bar zancen turare. Cire memorinka ka sa a tawa, in mun dawo daga Damri in ba ka abinka."

"Ba ta da memori. Ba a ma buɗe ta."

"To ina take aje kayan?"

"A cikinta."

"Rumbu ba ƙohwa! An zuba hatsi an liƙe, mai gida na tsaye waje da yunwa yana yabon gini. Juya ta in ga bayanta. Wanga hoton mi ne ne? Gauta?"

"Tuffa ce, 'yar ƙauye."

"An gatsa ta."

"Haka tambarin yake."

"Haka anka ce maka. Wani ya ci ya rage, kai kuma ka tsinta kana ta ƙahwahwa. Ni ko goro ba ni amsar wanda anka sa wa haƙori."

"Da wane haƙorin za ki ci ko an ba ki sabo?"

A nan Kamilu ya waiwayo ya ce, "Baba, kawo taka mu gwada." Na goge hannu na miƙa masa tawa, irin ta shafawa ce amma ba jinsin tasa ba. Ya juya su, ya haɗa su, ya raba su. Ya ce akwai manhajar da ke haɗa irin waɗannan biyun, sai dai sai an sauko da ita daga intanet, intanet kuwa yana rufe tare da layukan. Na ɗauke shi a babur muka je wurin mai caji a bakin kasuwa, ko zai juye bidiyon ta kwamfutarsa. Mutumin ya zazzage kwalin igiyoyinsa a kan tebur, babu wadda ta shiga bakin wayar Kamilu, shi kuma ya manta tasa a Kaduna. Muka dawo ba bidiyo, ba caji. Mun tarar Dada ta yi wanka ta ɗaura zanin biki, tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana jiranmu.

"Ango ya dawo. An zuba?"

"Ba a zuba ba. Igiyarsu ba ta shiga."

"Abincinta ma na daban ne? Ba ta gaisuwa, ba ta kyauta, ba ta cin tuwon gidan kowa. Wagga ba waya ba ce, baƙuwar birni ce. Mi take yi maka, don Allah?"

"Hoto. Duk Bakura babu wadda ta kai ta ɗaukar hoto."

"Ta ɗauka ta ɓoye. Aljihunka ma zai iya wanga."

"Kawo taki. Tana da ido a baya ko? Bari in ɗauki fuskar wayata da ita, ko hoton jaririyar ki samu."

Ya tsayar da bidiyon a kan fuskar jaririyar, ya saita ƙaramar wayar ya danna. Dada ta karɓa, ta kai kusa da ido, ta nisanta, ta juya ta ƙasa.

"Mi ne ne wanga?"

"Takwararki."

"Wanga dunƙulen daddawa ne. Ko kuwa hotonka ne ranar da anka haihe ka, don haka kake, ungozoma ma sai da ta yi salati."

"Idon wayarki ne ya tsufa kamar na mai ita."

"Share shi, kar Lantana ta gani ta ce mun haihi gwaza. Ni ba huska nike so ba, jinjirai duk kamarsu ɗaya. Sunan nike so a ji. Bar mini wayar, in Sufyanu ya zo ya kai maka."

"In bar miki? Ba ta ma buɗewa sai ta ga fuskata."

"Wagga huskar? Kullum? To na janye magana guda, wayar tana da haƙuri."

"'Yan matan Kaduna layi suke yi su ga fuskar nan."

"Layin asibitin ido. Tunda ba ta buɗewa sai da kai, kai da ita za ku tahi Damri. In tsai da kai tsakiyar mata kana riƙe da ita sama kamar mai tallan madubi, kowace tsohuwa ta zo ta ji ta ja maka kumatu."

"Motata da azahar za ta tashi. Na bar Baba Sufyanu shi kaɗai da shago da mai jego. Kuma dubi nan, cajin ya kusa ƙarewa. Kafin la'asar ta mutu."

"Yaushe ka ciyar da ita?"

"Jiya da yamma."

"Jiya! Tawa tun ranar kasuwar da ta wuce ba ta nemi komi ba, ga ta nan garau har da hitila."

Ta faɗi haka, amma ba ta yi dariya ba. Ta ajiye wayarta a cinya tana murza robar da ke ɗaure da ita. Da ta sake magana, muryarta ta yi ƙasa.

"Kai wasa kake. Lantana kowane biki sai ta kira takwarorinta ta jera mini su a gaba, wagga ta gaishe ni, waccan ta gaishe ni. Yau in ce an yi mini, ta ce wa ya ji? Sufyanu ba zai hwaɗi sunan ba har ya mutu, Ummi za su riƙa ce wa ɗiyar. Babanka ga shi nan, ko da wuƙa ba zai hwaɗa ba. Sau guda anka ɗaga murya anka hwaɗe shi gaban jama'a, shi ne ka kulle cikin wagga marowaciya ka kawo mini in leƙa."

Na ci gaba da goge babur ɗin da ya riga ya bushe. Kamilu ya sosa ƙeya, ya dubi wayarsa, ya dubi tata.

"To sai dai mu koma zamaninku na duhu. Ba haka marigayi mijinki na farko yake yi ba, kafin ki samu ci gaba ki aure ni? Ya haɗa bakin rikoda da bakin rikoda, wannan na faɗa wancan na ɗauka, ya hana kowa tari a gidan?"

"Kakanka ya hi ka komi, har tsawon hanci. Tawa tana ɗaukar murya?"

"Tana ɗauka. Abin da ta iya ke nan bayan haska ɓeraye."

"To mi kake jira tun sahe, kana ta yawo da babur kamar mai neman ungozoma?"

"Ki ji tsakar gidan nan. Turmi a maƙwabta, kaji, ga akuyarki mai bakin tsiya irin naki. Duk za su shiga."

"Akwai randa a ɗaki, babu ruwa ciki. Sa su su biyu a ruhe. In sun ƙi gaisawa a sarari, sa gaisa a duhu."

Haka aka yi. Muka shiga ɗakinta mu uku. Kamilu ya shimfiɗa hularsa a gindin randar, ya danna ɗaukar murya a ƙaramar, ya kunna bidiyon a babbar, ya kwantar da su baki da baki, ya rufe da faifai. Addu'ar liman ta fara fitowa daga cikin randa kamar daga rijiya. Dada ta matso, ta ƙara matsowa. Da maroƙi ya gyara murya ya ce, "Jama'a, sunan jaririya," sai ta ɗaga faifan don ta ji da kyau, daɗi ya kwashe ta, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa a cikin randar.

Kamilu ya ciro wayoyin, ya kunna abin da aka ɗauka. Ga addu'a, ga maroƙi, ga "sunan jaririya," sai guɗa kamar za ta fasa wayar. Babu suna.

"Madalla! Sunan jaririya Ayyururui. Kai wa Lantana ta ji."

"Wayarka ce ta yi ƙasa da murya don baƙin ciki."

"Bakinki ne, tsohuwa. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin ya rufu ba. Ko barci kike yana aiki."

"Da bakin nan na tauna maka gyaɗa na ba ka, lokacin kai ne ba ka da haƙori."

"Shi ya sa na rame har yau. Dubi nan, alamar ta koma ja. Saura gwaji ɗaya, in kin sake ɓatawa shi ke nan, sai ki je Damri ki yi rantsuwa. Fita waje."

"In hita daga ɗakina? Ɗakin da anka kawo ni tun ubanka bai zo duniya ba?"

"To Baba, miƙo moɗa."

Na ɗebo ruwa a moɗa na miƙa masa. Ya ba ta.

"Cika baki. Kada ki haɗiye, kada ki zubar, sai na ɗaga faifai."

"Ni za ka ɗura wa ruwa kamar ɗan akuya marar lahiya?"

"Ɗan akuya yana jin magana. Sha."

Ta harare shi, ta kurɓa har kumatunta suka kumbura. Ya sake jera wayoyin, ya rufe, ya ɗora hannu a kan faifan don kada a ɗaga. Liman ya yi addu'a. Dada ta zauna a bakin gado, idanunta a kan randa, ruwa na ɗiga ta gefen bakinta. Maroƙi ya gyara murya. Ya faɗi sunan, tar, ya haɗa da na mahaifin Dada, kamar yadda ake kiranta tana budurwa. Na sunkuyar da kai. Sai na ji ta haɗiye ruwan, ta ce a hankali, "Na'am."

Kamilu ya ɗaga faifai. Babbar wayar ta riga ta mutu, fuskarta baƙi ƙirin. Ya kunna ƙaramar. Ga addu'a, ga sunan ya fito sarai da amon randa a bayansa, ga kuma "na'am" ɗin a ƙarshe.

"Kin dai sa baki. Na ce kada ki haɗiye."

"Kira na anka yi, na amsa. Rabon da a kira ni da sunan nan tun rasuwar innata." Ta karɓi wayar ta share ta da mayafi. "Bar shi haka. Ita waccan ta cika?"

"Ta mutu."

"Allah ya jiƙan rowa. Ko da za ta tahi sai da anka ƙwace da ƙarhi. A binne ta a randar, ka ɗauki hularka."

"Da ba don ita ba da me za ki ji sunan?"

"Da ba don tawa ba da wa zai ji shi bayan ni? Taho waje, ina da saƙo."

Muka fito. Ta nufi turke, ta kwance jar akuyarta, wadda take ji da ita fiye da sauran, ta miƙa wa Kamilu igiyar.

"Ga ta takwarata. Ba a yi wa mutum takwara ya aika hannu banza. Ka ce wa Sufyanu ta ɗiyar ce, ba ta miya ba."

"Dada, motar haya zan shiga. Mu huɗu ne a kujera. Ina zan sa akuya daga nan har Kaduna?"

"Tura ta ta bulutut."

"Haba, tsohuwa."

"Au, ba ta turuwa? To ɗora ta a cinya. Ku haɗa baki da baki, tana hwaɗi kana ɗauka."

Kamilu ya dubi akuyar, akuyar ta kama gefen rigarsa tana tauna. Ya fashe da dariya har ya durƙusa.

"Na sallama, amarya. Kin ci. In na dawo da sallah zan zo miki da haƙora."

"Ka zo da igiyar cajinka dai, mijin banza. Ungo dawo, ka ci a hanya, kar iska ta ɗauke ka ta bar mini akuya a titi."

Na kai shi tasha, akuyar a tsakaninmu tana kuka. Bayan la'asar na ɗauki Dada zuwa Damri. Ba ta jira na kafe babur ba. Ta sauka, ta gyara mayafi, ta ƙure ƙarar wayar, ta ɗaga ta sama ta shiga zaure ba ta ko gama sallama ba. Ni na tsaya a waje, don na san sunan da ke tafe. Na ji hayaniyar mata ta lafa, na ji maroƙi daga cikin randa, sannan na ji muryar Lantana tana cewa, "Ke, sake kunnawa. Turo mini shi a tawa."